Ciwon Saifa: Dalilan Ɗorewarsa a Tsakanin Dabbobi da Mutane

1.0 Gabatarwa

Ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks, cuta ce ta dabbobi masu cin ciyawa, wato shanu da tumaki da awaki da raƙuma da dawaki da danginsu na dawa, tana kuma tsallakowa zuwa ga mutum ta hanyar nama da jini da fata da gashi. Makiyaya da mahauta sun raɗa mata wannan suna ne saboda abin da idonsu ke gani idan an feɗe saniyar da ta kashe: saifa ta kumbura fiye da ƙima, ta yi baƙi, ta yi laushi. Sunan da Turawa suka ba ta kuwa ya fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin gawayi, saboda baƙin ɓawon da gyambonta ke yi a jikin mutum. A Nijar da Cadi da Kamaru ma, sunan Faransancin da ma'aikatan dabbobi ke kiranta da shi gawayi yake nufi.

Wannan cuta tana cikin na farko da ilmin zamani ya fahimci musabbabinsu. A 1876 Robert Koch, wanda a lokacin likitan gunduma ne a wani ƙaramin gari mai suna Wollstein, ya nuna yadda ƙwayar ke rayuwa da yadda take haddasa ciwon. A watan Mayun 1881 Louis Pasteur ya gwada allurar rigakafinta a bainar jama'a a ƙauyen Pouilly-le-Fort na Faransa, tumakin da aka yi wa allura suka tsira, waɗanda ba a yi wa ba suka mutu. A 1937 Max Sterne ya samar da rigakafi mafi aminci a cibiyar Onderstepoort ta Afirka ta Kudu, kuma shi ake amfani da shi har yau. Maganin da ke kashe ƙwayar, fenisilin, yana cikin mafi araha a kasuwa. Duk da haka cutar tana nan daram. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.83 ne ke zaune a yankunan da ƙasarsu ta dace da ita, daga ciki akwai talakawa masu kiwo kimanin miliyan 64, tare da dabbobi biliyan 1.1. A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum fiye da 1,100 da ake zargin sun kamu, 20 suka rasu, a ƙasashe biyar: Kenya da Malawi da Uganda da Zambiya da Zimbabuwe.

An kawar da agana daga doron ƙasa a 1980, an kawar da bushiya ta shanu a 2011. Wannan maƙala tana duba abin da ya hana ciwon saifa bin sahunsu.

2.0 Ƙwayar cutar da kamanninta biyu

Ƙwayar, mai suna Bacillus anthracis, siririya ce kamar sanda, kuma tana rayuwa a yanayi biyu. A cikin jikin dabba mai rai tana ci, tana hayayyafa cikin sauri, tana lulluɓe da wani rufi mai santsi da ke hana ƙwayoyin garkuwar jiki haɗiye ta, tana kuma fitar da dafi. Dafin haɗin sinadarai uku ne: ɗaya yana buɗe ƙofar shiga ƙwayoyin jiki, na biyu yana tara ruwa ya haifar da kumburi, na uku yana kashe ƙwayoyin garkuwa ya lalata jijiyoyin jini. A lokacin da saniya ke dab da mutuwa, kowace mililita ɗaya ta jininta tana iya ɗauke da ƙwayoyi miliyan ɗari ko fiye. A wannan yanayi ƙwayar mai rauni ce: zafi yana kashe ta, magani yana kashe ta, ruɓewar gawa ma tana kashe ta.

Yanayi na biyu yana farawa ne idan jinin ya fito ya haɗu da iska. Cikin sa'o'i ƙwayar tana tattara kanta, ta bushe, ta kulle cikin wani ƙwanso mai tauri, ta daina ci da numfashi. Wannan ƙwanso yana jure zafin rana, da fari, da sanyi, da gishiri, da hayaƙi, da yawancin magungunan wanke-wanke da ake amfani da su a gida da mayanka. Manomi zai fi gane shi idan ya tuna da ƙuduji: irinsa yana kwance a gona shekara da shekaru babu alamarsa, sai saiwar gero ko dawa ta zo kusa ya farka. Haka ƙwanson saifa yake jiran bakin dabba. Da zarar ya shiga jiki ta wani ɗan rauni a baki ko hanji, sai ya tsage, ƙwayar ta koma aiki.

Daga nan ake ganin bambancinta da agana da bushiya. Waɗancan ba sa rayuwa sai a jikin mai rai, suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan, don haka idan aka yi wa kowa rigakafi sai su rasa masauki su mutu. Ciwon saifa bai cika yaɗuwa daga dabba mai rai zuwa wata ba, kuma kusan ba a san shi da bi daga mutum zuwa mutum ba. Hanyarsa ita ce ya kashe dabbar, ya koma ƙasa, ya jira. Mutuwar dabbar ita ce shukarsa.

3.0 Ƙasa a matsayin rumbun cutar

Daɗewar ƙwanso a ƙasa abu ne da aka auna. A 1942 sojojin Birtaniya sun gwada bam ɗin antaraks a kan tumaki a tsibirin Gruinard da ke gaɓar Sikotlan. Bayan shekara arba'in ana ɗibar ƙasar tsibirin ana samun ƙwanso mai rai. Sai a 1986 aka feshe wurin da tan 280 na sinadarin fomaldihaid da aka sirka da ruwan teku, aka kwashe wani ɓangare na ƙasar, sannan a 1990 aka ce mutum na iya taka shi. A gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu an samu ƙwanson a jikin ƙasusuwan da awo ya nuna sun kai kimanin shekara 200. Tun a zamanin Pasteur manoman Faransa suna da filayen da suke kira la'anannu, domin duk garken da ya yi kiwo a cikinsu sai an yi asara. Da aka bincika sai aka tarar tsofaffin wuraren binne dabbobi ne, Pasteur kuma ya nuna cewa tana na iya ɗauko ƙwanson daga ƙasan rami zuwa sama.

Ba kowace ƙasa ce ke riƙe shi haka ba. Ya fi daɗewa a ƙasa mai yawan sinadarin kalsiyam, mai ɗabi'a irin ta kanwa, mai taki, musamman baƙar laka da ke tsattsagewa da rani, irin wadda ta mamaye sassan kwarin Tabkin Cadi. A jigawa mai tsami yana raguwa cikin 'yan shekaru. Shi ya sa cutar take da gidajenta: wani ƙauye ya saba da ita kaka da kakanni, wani mai nisan tafiyar yini guda bai taɓa ganinta ba.

Yanayi ne ke kai bakin dabba ga ƙwanson. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke shi daga tudu ya tara shi a kwari da fadama da bakin tabki. Idan rani ya yi nisa, ruwa ya janye, ciyawa ta ƙare, dabbobi sukan taru a waɗannan wurare, suna kiwo har ƙasa, suna haɗawa da turɓaya, busassun kara da ƙaya suna yi musu rauni a baki. Ga yunwa ta riga ta raunana su. Farkon damina ma lokaci ne na haɗari, domin sabon tsiro gajere ne, dabba ba ta iya cinsa ba tare da ƙasa ba, sannan ruwan farko yana fantsama laka a kan ganye. Ambaliya, da haƙar rijiya ko magudana, da noma a tsohuwar makiyaya duk suna iya tono abin da aka manta an binne.

Akwai wani abu da masu bincike suka lura da shi a gandun dajin Etosha na Namibiya wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Wurin da dabba ta mutu yakan zama mai taki, ciyawarsa ta fi ta kewaye kore da daɗi a shekarun da ke biye. Kyamarorin da aka girke sun nuna jakunan dawa da sauran masu kiwo sun fi karkata zuwa waɗannan wurare. Wato gawar da ta zuba ƙwanson ita ce kuma ta tanadi abin da zai jawo dabba ta gaba. Kowane makiyayi ya san shanu na son ciyawar tsohon masauki, ya kuma san dabbar da ke ƙarancin gishiri tana tauna ƙashi idan ta samu.

4.0 Gawar dabba: inda cutar ke sabunta kanta

Mafi yawan abin da ke tabbatar da ɗorewar ciwon saifa yana faruwa ne a 'yan sa'o'in da ke kewaye da mutuwar dabba. Ciwon yana zuwa da gaggawa. Sau da yawa an ga sa lafiya lau da yamma, da safe a tarar da shi kwance. Idan an ci sa'ar ganin alamu, za a ga zazzaɓi mai zafi, da makyarkyata, da numfashi da ƙyar, da tangaɗi, wani lokaci da kumburi a wuya ko ƙirji. Bayan mutuwa baƙin jini wanda ba ya daskarewa yakan tsattsafo daga hanci da baki da dubura, ciki ya kumbura da wuri, gaɓoɓi kuma ba sa sandarewa yadda aka saba. Sai dai ba kullum jinin ke fitowa ba, don haka ana yawan ɗora laifin a kan saran maciji, ko tsawa, ko cin muguwar ciyawa, ko harbin daji.

Idan aka bar gawar a rufe, babu iska a cikinta, ƙwayoyin ba sa iya yin ƙwanso, ruɓewa kuma tana gamawa da su cikin kimanin kwana uku a yanayin zafi. Abin da zai gurɓata ƙasa bai wuce ɗan jinin da ya tsattsafo ba. Da zarar wuƙa ta shiga kuwa, an buɗe wa biliyoyin ƙwayoyi ƙofa. Jinin yanka ya shiga ƙasa, an ja gawar zuwa inuwa, an wanke kayan ciki a bakin mashaya, an shanya fata a kan danga, karnuka sun ja ƙasusuwa zuwa bayan gari. Kowane ɗaya daga waɗannan sabon wuri ne da aka shuka cutar. Wannan ne dalilin da ya sa dokar aikin likitan dabbobi ta hana feɗe gawar da ake zargi, ko da don bincike ne. Ɗigon jini daga kunne ya isa a gwada.

To me ya sa ake feɗewa? Amsar tana cikin tattalin arzikin mai dabbar. Ga makiyayi ko manomi mai shanun huɗa biyu, saniya ita ce asusunsa, ita ce sadakin ɗansa da kayan ɗakin 'yarsa. Idan ya ga ta faɗi tana shure-shure, abin da zai fara zuwa ransa shi ne a kawo wuƙa kafin rai ya fita ta zama mushe, ya tashi babu ko kwabo. Bayan yanka sai a kira mahauci ya saya da rahusa, ko maƙwabta su yi watanda don su rage masa asara. Taimakon juna ne na gaske, kuma a ƙauyen da nama ba ya samuwa sai da salla ko suna, babu mai son a ce a ƙone sa guda. Ta wannan hanya dabba ɗaya take shiga gida ashirin ko talatin. Kusan duk ɓarkewar cutar a tsakanin mutane a Afirka da Asiya, idan aka bi diddiginta, ana tarar da ita a nan: wanda ya yanka, da waɗanda suka feɗe, da matan da suka wanke naman, da waɗanda suka ci.

Akwai fahimtar da ke buƙatar gyara a wannan gaɓa. Yanka yana fitar da dabba daga hukuncin mushe, amma ba ya fitar da cuta daga namanta, shari'a kuma ta hana cin abin da aka tabbatar yana cutarwa, ta hana sayar da shi ga wani. Wannan bayani ya fi shiga kunne idan ya fito daga bakin limami da Sarkin Fawa da Arɗo fiye da takardar sanarwa daga birni. Haka nan shanya nama ko sa masa gishiri ko banda shi ba sa kashe ƙwanson, gashin da bai ratsa ciki ba shi ma bai isa ba. Ko da dahuwa ta yi kyau, haɗarin ya riga ya auku a hannun waɗanda suka taɓa ɗanyen naman.

Hanyar da ta fi inganci wajen kawar da gawar ita ce ƙonewa ƙurmus a inda ta faɗi, har da ƙasar da jini ya taɓa. Wannan yana cin itace mai yawa ko man fetur, abubuwan da ke da tsada a Sahel. Mai bi mata shi ne binnewa a rami mai zurfin kamar mita 2, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a killace wurin. Haƙa irin wannan rami a busasshiyar ƙasar rani aikin ƙarti ne na yini guda. An daɗe ana ba da shawarar zuba farar ƙasa a ramin, amma yanzu masana da yawa sun janye daga haka, saboda kalsiyam ɗin da ke cikinta na iya taimaka wa ƙwanson ya daɗe. Inda ƙonewa da binnewa suka gagara, ana iya fesa wa gawar fomalin, a lulluɓe ta da tamfol, a kewaye da ƙaya don hana karnuka da kuraye da ungulaye buɗe ta, a bar ruɓewa ta yi aikinta. Duk waɗannan hanyoyi suna neman mutumin da ya riga ya yi asarar dabbarsa ya ƙara kashe kuɗi da ƙarfi, alhali feɗewa za ta mayar masa da wani abu. Matuƙar ba a sauya wannan lissafi ba, gargaɗi kaɗai ba zai hana wuƙa fita ba.

5.0 Yadda take kama mutum

Fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu kamuwa ta fata ne. Ƙwanso ya shiga ta wani ƙwarzane a hannu ko wuya ko fuska, bayan 'yan kwanaki ƙurji mai ƙaiƙayi ya fito, ya zama ƙwaraɓɓiya mai ruwa, ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙin ɓawo, kewaye ya kumbura sosai. Gyambon ba ya zafi, wannan kuma yana sa a raina shi. Idan ba a yi magani ba yana iya kashe har mutum ɗaya cikin biyar. Da magani kuwa ba ya kai ɗaya cikin ɗari. Nau'in da ke kama maƙogwaro da hanji yana biyo bayan cin naman, da amai da ciwon ciki da gudawar jini, kuma kisansa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Mafi muni shi ne na shaƙa, wanda ya addabi ma'aikatan masaƙun ulu a garin Bradford na Ingila a ƙarni na 19, har gwamnatin Birtaniya ta kafa tashar tsabtace gashin da ake shigowa da shi a Liverpool a 1921.

Fata da gashi da ƙashi suna kai cutar inda babu ita. A 2006 wani mai haɗa ganguna a birnin New York ya kamu da nau'in shaƙa daga busassun fatun da ya shigo da su daga Kodebuwa, a 2008 kuma wani mai irin wannan sana'a ya rasu a Landan. Wannan ya shafi majema da dukawa da dillalan fata kai-tsaye, haka nan masu cinikin ganda, domin fatar dabbar da ta mutu ba ta da wata alama bayan ta bushe. Akwai kuma abubuwan da hannun mutum ya jawo: hatsarin wata masana'antar soja a Sverdlovsk ta Tarayyar Sobiyet a 1979 wanda ya kashe aƙalla mutum 66, da wasiƙun da aka aika a Amurka a 2001 waɗanda suka kama mutum 22 suka kashe 5. Waɗannan ne suka fi jan hankalin duniya da kuɗin bincike, alhali mafi yawan masu fama da ciwon talakawan karkara ne da ba sa shiga kowane lissafi.

Warkar da mutum ba ya rage cutar ko kaɗan, tunda ba daga mutum take yaɗuwa ba. Asibitin da ya yi wa majiyyaci magani ya sallame shi, ba tare da an je an ga garken da makiyayar ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

6.0 Rigakafin da ake sakaci da shi

Allurar Sterne ƙwaya ce mai rai wadda ta rasa rufin nan da ke kare ta, don haka tana koya wa jikin dabba yaƙi ba tare da ta kashe ta ba. Tana da araha, ba ta da wuyar ajiya kamar wasu, kuma ana yin ta a yankin nan: a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, da LABOCEL a Yamai, da LANAVET a Garwa. Kariyarta tana kankama bayan mako ɗaya zuwa biyu, tana kuma ɗaukar kimanin shekara guda. Saboda haka dole ne a maimaita ta kowace shekara, makonni kaɗan kafin lokacin da aka san cutar na tashi. Ba a haɗa ta da allurar kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin zai kashe rigakafin. Wannan matsala ce ta zahiri a wuraren da makiyayi ke sayen maganin oksitetarasaikilin a kasuwa yana yi wa shanunsa da kansa. Awaki kuma sukan yi kumburi bayan allurar, abin da ke sa wasu masu su gudun ta.

Babbar matsalar rigakafin ita ce nasararsa. Idan aka yi shekara goma ana allura ba a ga mutuwa ba, sai hukuma ta ga kamar kuɗin banza ake kashewa, makiyayi ma ya daina kawo dabbobinsa. Ƙwanson kuwa yana nan a ƙasa. Yankin Yamal na arewacin Rasha bai ga cutar ba tun 1941, sai aka dakatar da yi wa garkunan barewar ƙanƙara allura a 2007. A bazarar 2016 aka yi zafin da ba a saba gani ba, daskararriyar ƙasa ta narke, dabbobi fiye da 2,000 suka mutu, mutane da dama suka kwanta a asibiti, yaro ɗan shekara 12 ya rasu. A Zimbabuwe, kafin yaƙin neman 'yanci ya tsananta, masu kamuwa a shekara ba su da yawa. Da yaƙi ya rushe ayyukan likitocin dabbobi a yankunan baƙar fata, mutum fiye da 10,000 suka kamu tsakanin 1978 da 1980, kimanin 180 suka mutu. Wannan darasi ya shafi duk inda rashin tsaro ya hana ma'aikacin dabbobi shiga daji, kamar sassan Zamfara da Katsina da Borno da Tilaberi a yau.

A Afirka ta Yamma an taɓa samun zamanin da tawagar allura ke bin ruga-ruga, musamman a gangamin yaƙi da bushiya da aka fara a kwarin Tabkin Cadi a 1962. Tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 sun rage kuɗin ma'aikatun dabbobi, aka bar yawancin aikin ga 'yan kasuwa, su kuma ba su da ribar zuwa rugar da ke nesa da kwalta. Rigakafin saifa ya koma abin da ake tunawa da shi bayan an fara mutuwa. A watan Yunin 2023, dab da babbar salla, cutar ta ɓarke a Yankin Gabas ta Sama na Gana, a gundumomi irin su Binduri da Talensi, aka rasa rai, aka hana zirga-zirga da yankan dabbobi na wata guda. Gwamnatin Nijeriya ta yi gargaɗi kan cin ganda da naman daji. A watan Yuli cibiyar Vom ta tabbatar da cutar a wata gona da ke Gajiri a ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja, inda dabbobi 8 suka mutu, daga baya aka same ta a Legas. A watan Janairun 2025 sabuwar Ma'aikatar Raya Kiwon Dabbobi ta sanar da ɓullarta a Zamfara. Kowane karo ana gangamin allura na gaggawa, sannan magana ta lafa.

Cadi ta gwada wata hanya. Binciken da aka yi a tsakanin makiyaya masu yawo a Shari-Bagirmi da Kanem wajen shekarar 2000 ya nuna cewa shanu sun fi yara samun rigakafi. Sai aka haɗa tawaga guda, likitocin dabbobi da ma'aikatan lafiya a mota ɗaya, ana yi wa shanu allurar saifa da harbin daji da ciwon huhu, ana yi wa mata da yara nasu. Kuɗin da ɓangaren lafiya ke kashewa ya ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari, makiyaya kuma suka fi fitowa.

7.0 Namun daji da kan iyaka

Ko da an yi wa kowace dabbar gida allura, namun daji za su ci gaba da ciyar da ƙasa da sabon ƙwanso. Dorinar ruwa tana mutuwa da yawa a lokaci guda: kimanin 300 a gandun Queen Elizabeth na Uganda a 2004, fiye da 100 a Bwabwata ta Namibiya a 2017. A 2011 mutum fiye da 500 sun kamu a gundumar Chama ta Zambiya bayan sun ci naman dorinar da ta mutu a kogin Luwangwa. A Kruger ƙudaje suna cin jinin gawa su je su yi amai a kan ganyen bishiyoyi, dabbobi masu cin ganye su ɗauka. A wasu wuraren bobuwa tana kai ƙwayar daga dabba zuwa dabba da cizonta. A dajin Tai na Kodebuwa an gano wata 'yar uwar ƙwayar, daga dangin Bacillus cereus, wadda ta mallaki makamai iri ɗaya, tana kashe birai da gada, an kuma same ta a Kamaru da Afirka ta Tsakiya.

Dabbobin gida su ma ba su san kan iyaka ba. Saniyar da ta haɗiyi ƙwanso a wata mashaya tana iya yin kwana uku zuwa bakwai kafin ta nuna alama. A wannan tsakani ta bi burtali ta shiga wata ƙasa, ko an loda ta a tirela daga Maigatari ko Illela ko Mubi ta isa kudu. Inda ta faɗi nan ne sabon gidan cutar.

8.0 Rahoto da abin da ya rage a yi

Ciwon saifa yana cikin cututtukan da doka ta wajabta a sanar da hukuma, amma kaɗan ne ke isa ga takarda. Makiyayin da ya kai rahoto abin da yake tsammani shi ne a killace garkensa na kimanin mako uku, a hana shi kasuwa, a ƙone dabbarsa, ya koma gida hannu rabbana. Ɗakin gwaji yana da nisa, ma'aikacin asibitin ƙauye kuma sau da yawa bai taɓa ganin baƙin gyambon a karatunsa ba. Rashin rahoto yana sa hukuma ta ɗauka cutar ba ta da yawa, sai ta ƙi ware mata kuɗi, rashin kuɗin kuma ya ƙara rage rahoton.

Tunda ba za a iya wanke ƙasar makiyaya kamar yadda aka wanke tsibirin Gruinard ba, abin da ke hannu shi ne a hana ta samun sabon ƙwanso har tsohon ya ragu da kansa, kamar yadda ya faru a yawancin Yammacin Turai, inda cutar ta zama sai jefi-jefi. Wannan yana buƙatar a san wuraren da take da gida, kuma tsofaffin makiyaya da mahauta sun san su da sunayensu, sai dai a tambaye su a rubuta. Yana buƙatar allura kowace shekara a waɗannan wurare da kuɗin gwamnati, kafin ƙarshen rani, ko an ga mutuwa ko ba a gani ba. Yana buƙatar duk gyambon da aka gani a asibiti ya zama sanarwa ga ofishin dabbobi a ranar, duk mutuwar fuju'a a garke kuma ta zama sanarwa ga asibiti. Sama da komai, ya kamata gwamnatocin jihohi da na ƙasa su ware diyya ga wanda ya kawo rahoto ya bar gawar dabbarsa a rufe, su kuma ɗauki nauyin ƙone ta. Kuɗin sa guda bai kai kuɗin jinyar ƙauye da allurar gaggawa da rufe kasuwar kara na wata guda ba.